Yatsa Biyu a Kujerar Uwata

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin gashi a ɗakin yara na asibitinmu, kuma duk wanda ya san ni zai shaida hannuna na da laushi, bakina ne Allah bai ba shi ba. Gashi ake ce wa aikin, amma babu wuta a ciki. Yara ake kawo mana waɗanda wuya ya ƙi tsayawa, ko ƙafa ta sanƙare, ko zama ya gagara, mu yi ta miƙe gaɓoɓi muna lanƙwasawa, muna koya wa jiki abin da sauran yara ke yi ba tare da kowa ya koya musu ba. A gaban idona iyaye na ce mini Sista. A bayan idona Sarkin Faɗa suke cewa, na sani, kuma ba su yi mini ƙarya ba. Cikin duk waɗanda bakin nan ya sara, mutum ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Magana ɗaya na yaɓa masa, na yi shekara goma sha takwas ina neman bakin da zan janye ta. Kafinta ne, kuma da sunan sana'arsa kowa ke kiransa.

Ɗakinmu na can ƙarshen baranda, bayan wurin wanki. Katifun roba uku a ƙasa, ƙatuwar ƙwallo ɗaya, madubi mai tsagewa a gefe, sai sandunan koyon tafiya guda biyu da zufar ƙananan hannaye ta cinye musu fenti. Masu zuwa kusan duk mata ne. Ran nan sai ga namiji a bakin ƙofa, dogo, siriri, fensir a bayan kunne, garin katako har a gira. Ya rungume yarinya 'yar shekara biyu, tafin hannunsa na tallafe da ƙeyarta, matarsa na bayansa da jaka. Ya tsaya yana ta kakkaɓe wando don kada ya ɓata mana ɗaki.

"Malam, ko ka shigo ko ka ba iska hanya," na ce.

Ya shigo, ya kwantar da ita a katifa a hankali. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Sista, ga Uwata. Yaushe za ta yi tafiya?"

Na ɗaga ta zaune, kan ya tafi baya luu. Na ce, "Tafiya? Kai ka taɓa ɗora rufi kafin a ta da bango? Mu fara da wuya tukuna."

Labarinsa a bakin matarsa na tsince shi kaɗan-kaɗan, don shi in ka ji ya jera magana biyar to a kan katako ne. Yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, kawunsa ya riƙe shi, a shagonsa ya koyi sana'a, daga baya ya gaji shagon. Shekara goma sha ɗaya suka yi da aure ba haihuwa. Shi ke yi wa jariran unguwa gado, ya kai, ya haɗa, ya yi barka, ya dawo gida ya ci abincinsa shiru. Da cikin ya zo, naƙuda ta yi kwana biyu, yarinya ta fito ba ta yi kuka ba sai da aka daɗe ana fama. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa yake ce mata Uwata, har mu ma duk muka ɗauka.

Akwai abin da kawun nan ya dasa masa tun ranar da ya fara riƙe zarto. Duk abin da za ka yi wa yaro, gado ne, benci ne, tebur ne, in ka gama awo ka ƙara yatsa biyu, don kafin fenti ya bushe yaron ya ƙara girma. Da wannan Kafinta ya yi suna. Mata na yabon gadonsa don yaro na daɗewa bai fi ƙarfinsa ba. Hannunsa ya saba da wannan ƙari kamar yadda bakina ya saba da faɗa.

Litinin da Alhamis yake rufe shago ya kawo ta, ko ruwa ake yi ko rana. Wallahi ban taɓa ganin ɗalibi irinsa ba. In na nuna yadda za a miƙe gwiwa sau ɗaya, ya kama. Hannayensa duk kanta, amma in ya kama ƙafar Uwata sai ka ga jijiyar ta saki, abin da ni sai na yi gumi kafin in samu. Muna ɗora ta rub da ciki a kan ƙwallo don ta koyi ɗaga kai, ta ƙi. Na yi kiɗa da makulli, na yi tafi, na yi waƙa da muryata mai tsorata kaji, ko a jikinta. Sai uban ya ciro tef ɗinsa na awo, irin mai naɗe kansa, ya ja shi ya sake, ya koma gidansa ya ce ƙas. Yarinya ta yunƙura, ta ɗago kai tana neman inda ƙarar ta fito, ta bushe da dariya har yawu na zuba. Wata takwas muka yi kafin wuyan nan ya tsaya. Ranar da ya tsaya har na ƙirga ashirin, uwar ta fashe da kuka, shi kuwa ya dube ni ya ce, "To Sista, saura tafiya."

"Saura zama," na ce. "Kai dai akwai gaggawa."

Da ta kai shekara uku da rabi na zaunar da su na yi musu bayani. Yaron da ba ya iya riƙe kansa, in aka bar shi kullum a kwance, majina na taruwa a ƙirji, abinci na ƙware shi. In kuma aka zaunar da shi inda yake da sarari, zai zube gefe ɗaya, a hankali ƙashin baya ya bi wannan gefen ya zauna a haka. Tana bukatar kujerar da za ta riƙe ta cif: katako a kowane gefe ya manne da haƙarƙari, wani guntu tsakanin gwiwoyi, ɗamara a ƙugu, matakin ƙafa a ƙasa. Mu ba mu da irinta a asibiti. Na zana masa a takarda, na auna yarinyar, na rubuta lambobi.

"Kada ka ƙara, kada ka rage," na ce. "Ka ji ni?"

"Na ji, Sista."

Bayan sati ya kawo. Kai, kujerar nan ta yi kyau! Ya goge ta sumul, ya shafa mata fenti ruwan ɗorawa, ya sa soso ya rufe da leda. Matan ɗakin suka kewaye ta suna ta shafawa. Na ɗora Uwata, na sake ta, ta sulale hagu. Na zura hannu tsakanin haƙarƙarinta da katako, yatsuna biyu suka shige salin alin. Ɗaya gefen ma haka.

"Wannan fa?"

"Na girma ne, Sista."

Na wanke shi tas a gaban mata. Na ce gado na ce ka yi mini ko kujera? Ya ɗauka ya tafi, ya dawo da ita daidai, na duba na ce yauwa. Daga nan duk shekara in ta ƙara jiki sai in auna ta, in rubuta masa sababbin lambobi, ya je ya yi sabuwa a gida. Bai sake kawo mini na gani ba. Ni kuma yara arba'in ne a kaina, ban sake tambaya ba. Shekara uku da rabi ban tambaya ba.

Tana da shekara bakwai, wata Alhamis na cire mata riga, na ɗora yatsa a ƙashin bayanta daga wuya ina gangarowa. Yatsan ya tafi, ya tafi, sai ya karkata hagu, sannan ya dawo. Na sake bi, haka dai. Na ce musu ranar Asabar zan zo gida in ga inda take zama.

Gidan na bayan shagon, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Abin da na fara gani shi ne wata sanda ta katako mai santsi, an kafe ta a jikin bango, ta bi falo ta zagaya har ƙofar ɗakin kwana, daidai inda hannun yarinya mai tafiya zai kai. A ƙasanta ga tabon wuraren da aka taɓa kafe ta a baya, layi-layi har huɗu. Uwar ta ga ina kallo, ta ce a hankali, "Duk shekara yake ɗaga ta sama kaɗan." Uwata na tsakar gida a kujerarta, ta ji muryata tana ta murna, jikinta a zube hagu. Na zura hannu. Yatsa biyu a nan, yatsa biyu a can. Uwar ta cusa tsummokara a wurin, sun zame sun taru a ƙasa.

Kafinta ya shigo daga shago yana goge hannu, yana mini sannu da zuwa. Raina ya gama ɓaci, idona ya rufe.

"Kai ka lanƙwasa mata baya," na ce. "Da hannunka. Da yatsun nan naka biyu. Ka ji daɗi?"

Ya zare fensirin daga bayan kunne, ya dube shi, ya mayar. Uwar ta toshe baki da gyale. Uwata ba ta magana, amma tana jin murya, ta san wadda ta daɗi da wadda ba ta daɗi ba. Ta dubi ubanta, ta taɓe baki, ta sa kuka. Na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi ba.

Ga gaskiyar da na sani tun a tsakar gidan nan. Yaran da jikinsu ya sanƙare kamar na Uwata, da yawansu bayansu na lanƙwasawa ko da wace irin kujera aka ba su. Wataƙila sararin nan ya ƙara wa abin sauri, wataƙila bai ƙara ba, babu mai iya rantsewa. Haushin kaina nake ji, na shekara uku da rabin da ban ce a kawo kujera in gani ba, sai na sauke kayan a kan wanda na san ba zai rama ba. Abin kunya ne, kuma na yi shi.

Litinin ya kawo ta kamar kullum, ya gaishe ni kamar kullum. Abu ɗaya ne ya canza: bai sake tambaya ta yaushe za ta yi tafiya ba. Uwar ta gaya mini a ranar Asabar ɗin nan ya ciccire sandar bango. Ya yi sabuwar kujera, ya kawo mini ita sau uku ina dubawa, ko takarda ba ta shiga tsakanin katako da jikin yarinyar. A cikinta Uwata ta zauna shekara biyu, kanta a ɗage, a ƙofar shago, tana kallonsa yana aiki. Amma bayan ya ci gaba da karkata, ƙirjin na matsewa. Tari kaɗan sai an ba ta gado. Tana da shekara tara, cikin damina, ciwon huhu ya kama ta, kwana shida, ta cika ranar Laraba da hantsi.

Na je gaisuwa. Na gan shi zaune a ƙofar shago cikin maza, fensirin na bayan kunne. Na tsara maganata tun daga gida, amma da na iso gabansa sai na ce, "Ya haƙuri?" ya ce, "Da godiya, Sista," na wuce cikin mata. Na ce wa kaina ba ranar ba ce.

Bayan wata biyu, wata Litinin, ina durƙushe a kan wani yaro, na ji inuwa a bakin ƙofa. Shi ne, yana kakkaɓe wando, kafaɗarsa ba kowa.

"Sista, akwai mai bukatar kujera?"

Na ce, "Akwai goma sha ɗaya. Shigo, ka tare mana iska."

Shekara goma sha shida ya yi yana mana kujeru. Ya yi mana allon tsayuwa, ya yi mana ƙananan bencina, ya sake wa sandunan koyon tafiya fenti, amma kujera ce aikinsa. Sai ya auna yaro sau uku kafin ya rubuta. Mata suka sa masa Baba Awo. Duk yaron da ya ƙi ɗaga kai sai a ce a jira Baba Awo ya zo da tef ɗinsa, ya ja ya sake, ƙas, sai dariya. Ni da shi muka zama kamar wa da ƙanwa. Ina tsokanarsa a kan furfurarsa, a kan tsohon kekensa mai kuka, a kan fensirin da na rantse da shi aka haife shi. Komai na iya faɗa masa ban da abu ɗaya. Sau nawa na buɗe baki! Sai wani yaro ya yi kuka, ko a kira ni ofis, ko in ce bari dai sai mun keɓe. Duk ƙarya ce, girman kai ne da tsoro.

Na tuna wani matashin uba da ya kawo 'yarsa ta fari. Kafinta na durƙushe yana auna ta, sai uban ya sunkuya ya ce, "Baba, don Allah a ɗan bar mata wuri, ai za ta girma." Na ja numfashi zan fara. Kafinta ya ɗaga mini hannu.

"Sista, bar ni da shi." Ya juya ga saurayin. "Ɗana, ɗauke ta in gani." Ya ɗauke ta. "To ka bar wuri tsakanin hannunka da jikinta mana."

"Ai za ta faɗi, Baba."

"To haka kujerar take. In ta girma ka kawo mini, kafin ka sha ruwa na gyara."

Kuma haka ake yi. Kujera ta yi wa yaro kaɗan, a kai shago da safe, da rana a dawo da ita ta yi daidai. Na ɗauka saurin hannu ne kawai. Ni yaro nake dubawa, ban taɓa kifa kujera in ga ƙasanta ba.

Na yi ritaya, shi ma ba a daɗe ba hannu ya fara masa rawa, zarto ya gagara. Ran nan matarsa ta aiko mini cewa jikin ya yi nauyi. Na ce yau kam ko bakina zai tsage sai na faɗa. Na same shi da la'asar a tsakar gidan nan, a kan tabarma, an jingina shi da matashi, ya rame ƙwarai. Ba fensir a kunnensa, sai na ga kamar wani ne daban.

Ban tsaya doguwar gaisuwa ba, don na san halina. Na ce, "Yaya, maganar da na faɗa maka a nan wurin, ba gaskiya ba ce. Ba kai ka lanƙwasa mata baya ba. Ciwon ne. Ni ce ban duba ba, na ɗora maka. Ka yafe mini."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Na sani, Sista."

"Ka sani?"

"Ina da ido ai. Shekara goma sha shida ina yi wa yaranki kujera cif-cif, na ga waɗanda bayansu ya karkata duk da haka. Shekarun farko dai na sha wuya, ba zan ɓoye miki ba. Ko yatsun nan ba na son kallo."

"To me ya hana ka gaya mini? Ka bar ni ina ta fama!"

Ya yi ɗan murmushi. "Ga shi kin fara faɗan. Na ga kina ɗauke da kayanki, na ce ranar da kika gaji kya sauke. Na yafe tun tuni." Ya huta, ya ce, "Ƙarin yatsa biyun nan ba taurin kai ba ne, Sista. Duk sanda na ɗora zarto daidai lambar da kika rubuta, sai in ji kamar na ce wa Uwata iyakarki ke nan. Hannun sai ya ƙi."

Ya ce wa matarsa ta ɗauko kujerar. Ta shiga ɗaki ta fito da ita, ta ƙarshen nan, wadda na duba sau uku. Ledar ta tsattsage, amma ba ƙura ko kaɗan a jikinta.

"Kifa mata ita," ya ce.

Ta kifa. Ashe katakan gefen ba da ƙusa ya kafe su ba, da noti ya ɗaure su ta ƙasa. A gaban kowane noti ga ramuka a jere, ya huda su tsaf, suna tafiya waje, tsakanin kowane rami da na gaba yatsa biyu. In yaro ya girma, a kwance noti a matsa gaba, shi ke nan. Abin da yake yi wa kujerun yarana ke nan duk shekarun nan, kuma a kan wannan ya fara.

"Kin ce kada in ƙara," ya ce. "Ba ki ce kada in huda ba. Sama na bi umarninki, ƙasa kuma na bar mata wurinta."

Na durƙusa na ƙirga. Rami bakwai a kowane gefe, na shekara bakwai, sun isa su kai ta budurwa. Notin na cikin na biyu.

Bayan sati uku ya rasu, Allah ya jiƙansa. Amma ni abin da ya kasa barina shi ne la'asar ɗin nan. Na sa ɗan yatsana a ramin ƙarshe, na ciro shi da garin katako, fari tas, kamar jiya aka huda. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na zauna a ƙasa da kujerar a cinyata na yi ta kuka, shi kuma yana ta cewa, "Haba Sista, ya isa, za ki jiƙa mata soso."